Allon ƙari ya ƙi aiki a kan Orange Pi, kanel ne ya kulle shi?

Ɗan Jiratawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wanda ya san cikin kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urori, ya agaza mini. Ina haɗa wa wani mai garka a Jiratawa na'urar da za ta riƙa kunna famfon foraj da safe ta kashe shi da rana, ta kuma rubuta ƙarfin batir ɗin panno. Na sayi ƙaramin allon ƙari mai agogo DS3231 da aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki) ADS1115 mai auna bolt. Da na gwada shi a Raspberry Pi 3 na wani abokina, ƙaramar kwamfuta mai allo guda, layi guda na rubuta cikin config.txt, dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, agogo ya tashi. To Raspberry ya yi tsada, sai na ɗauki Orange Pi PC. Shi ma ƙafa 40 gare shi, allon ya zauna daram. Na sa masa Armbian, Linux ɗin da ake yi wa irin waɗannan alluna, amma shiru kake ji.

Na sauko da tushen kanel na buɗe menuconfig, inda ake zaɓar direbobi (shirye-shiryen da ke sa kanel ya iya magana da na'ura), sai na ga direban I2C na Raspberry ba ya ma fitowa, alhali I2C ce hanyar wayoyin da allon ƙarina ke magana ta cikinta. An ɗaure shi da depends on ARCH_BCM2835, sai ka kunna COMPILE_TEST kafin ka gan shi. Na kunna, na bar allon ya kwana yana harhaɗa sabon kanel daga tushen, ya yi zafi har ba ya taɓuwa, da safe babu abin da ya sake. Wannan ba son kai ba ne? Don me za su kulle direba ga kamfani guda?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Yaro, kahin ka zargi Turawa, ka sa mita ka ga ko 3.3 na isa ga allon? Rabin abin da ake kawo mini a ce ya mutu, waya ce ta saki.

Ɗan Jiratawa:
Na auna Baba, kuran na zuwa daidai.

Mushen Lantarki:
Ƙanena, direban da ka kwana kana harhaɗawa ba na allon ƙarinka ba ne. i2c-bcm2835 na kula ne da sashen I2C da ke cikin furosesa ta Broadcom, wadda ke kan Raspberry. Orange Pi PC kuwa Allwinner H3 ke cikinsa, sashen I2C ɗinsa wani gini ne daban, direbansa i2c-mv64xxx. Ko sau nawa ka harhaɗa na Broadcom ba zai tarar da abin da zai kama ba, don rajistocin da yake nema babu su a H3. Wannan ƙullin gaskiya ne, ba rowa ba.

Agogonka kuma direbansa rtc-ds1307, shi ke ɗauke da DS1307 da DS3231 da danginsu. I2C kawai yake bukata, ba ruwansa da sunan allo. Buga wannan ka faɗa mana: grep DS1307 /boot/config-$(uname -r)

Ɗan Jiratawa:
Ya ce CONFIG_RTC_DRV_DS1307=m, wato an harhaɗa shi a matsayin modul da ake lodawa in an bukace shi. Ke nan tun farko yana nan? To me ya hana shi tashi, Mushe?

Mushen Lantarki:
Ba wanda ya gaya wa kanel cewa akwai agogo. USB baƙo ne mai sallama, da ya shigo zai faɗi sunansa da na gidansu, kanel ya nemo masa direba. I2C da SPI kuwa baƙon zai zauna a zaure ne shiru, sai wani ya shiga ya ce akwai mutum a waje, ga sunansa. Mai wannan aiken a allunan ARM shi ne bishiyar na'urori, fayil ɗin dtb da ake miƙa wa kanel lokacin tashi. A cikinsa ake rubuta cewa a layi kaza, adireshi 0x68, akwai abu mai compatible = "maxim,ds3231". Da wannan kalma ake haɗa na'ura da direbanta.

Layin da ka rubuta a config.txt famwayar Raspberry ce ke karanta shi, wato shirin da ke fara tayar da allon, ita ke ɗora obale (overlay, ƙarin bayanin na'ura) a kan bishiyar kafin kanel ya farka. Orange Pi ba ya da wannan famwaya, U-Boot yake amfani da shi, bai san config.txt ba. Buɗe /boot/armbianEnv.txt ka sa overlays=i2c0, don ƙafa ta 3 da ta 5 a allonka i2c0 ne, ba i2c1 ba kamar na Raspberry. Ka sake tayar da shi, ka buga i2cdetect -y 0, zai nuna adireshin na'urorin da ke kan layin. Kuma ka koma kan kanel ɗin da ya zo da Armbian, ka ajiye wanda ka harhaɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Mushe, ina da tambaya a nan. Mu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mun taɓa aiki da wani HAT, allon ƙari irin na Raspberry, wanda ba mu rubuta komai ba a config.txt, muka ɗora kawai ya yi aiki. Ta yaya aka san da shi?

Mushen Lantarki:
Madalla da tambaya. Lokacin da aka fito da Raspberry Pi Model B+ a 2014, mai ƙafa 40, aka kuma fito da ƙa'idar HAT. Cikin ƙa'idar akwai ƙaramin EEPROM, aisin ajiyar bayani, a kan allon ƙari, a adireshi 0x50, ana karanta shi ta ƙafa 27 da 28. Yana ɗauke da sunan mai ƙira, sunan allon, yadda za a saita ƙafafu, da bayanin bishiyar na'urori. Famwayar Raspberry ke karantawa, za ki ga abin da ta samo a /proc/device-tree/hat. In kika ɗora wannan HAT ɗin a wani allo, EEPROM na nan da bayaninsa, amma galibi ba mai karanta shi. Ko an karanta, an rubuta shi ne da sunayen layukan Raspberry. Da yawa daga allunan da ake sayarwa da arha ma ba su da EEPROM ɗin sam, sunan HAT kawai suka ara.

Ɗan Jiratawa:
Alhamdu lillahi! i2cdetect ya nuna 48 da 68.

Mushen Lantarki:
48 shi ne ADS1115, 68 agogo. Gwajin gaggawa, kana matsayin root: echo ds3231 0x68 > /sys/bus/i2c/devices/i2c-0/new_device. In ka sake i2cdetect ka ga UU a gurbin 68, direba ya riƙe shi. Amma wannan ba ya wuce kashewa guda, sai ka rubuta naka fayil ɗin dts, wato rubutun bishiyar na'urori, ka shigar da armbian-add-overlay.

Na Yamai:
Na shigo a makare. Matsalar ƙanenmu ta warware, amma maganar da ya fara da ita, ta son kai, ita nake so in taɓa, don ina yawan jin ta. Ni aikina kula da saba, kuma ina harhaɗa kanel na x86, wato furosesa irin ta Intel da AMD, lokaci lokaci. Duk sabon kanel da ya fito, make oldconfig sai ya tsare ka da tambayoyi: kana son wannan, kana son wancan. In ba a sa depends on ba, za a tambaye ka direban abin da har abada ba zai shiga injinka ba. Masu haɗa Debian ko Fedora ba za su iya bin kowane direba su gano inda ake samun na'urarsa ba, sai su ce m su wuce. Sakamakon haka kowa a duniya ya sauke modul ɗin da ba ya da amfani gare shi. Mu da ke sayen mega da kuɗinmu ya kamata mu fi kowa son a rage wannan kaya.

Shi ya sa aka kawo COMPILE_TEST a 2013. Mai gyaran kanel yana so ya tabbata canjin da ya yi bai karya direban Broadcom ba, alhali kwamfutarsa Intel ce, sai ya kunna shi ya harhaɗa komai. Bayanin da ke jikin zaɓin ma ya ce mai amfani da mai rarrabawa su bar shi a kashe. Ni a ganina duk direban da aka yi don kayan Raspberry a ɗaure shi da ARCH_BCM2835 || COMPILE_TEST, a huta.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, da girmamawa, ban yarda da "duk" ɗin nan ba. Ɗauki Sense HAT, wanda aka fito da shi a 2015, aka kai shi tashar sararin samaniya cikin shirin Astro Pi. Me ke kansa? Fitilu 8 sau 8, ɗan sandan juyawa, aisi ATtiny88 a adireshi 0x46, da na'urorin auna zafi, laima, nauyin iska da motsi: HTS221, LPS25H, LSM9DS1. Dukansu ta I2C suke magana. A cikinsu wanne ne ya san Broadcom? Ba ko ɗaya. In aka ɗaure direbansa da ARCH_BCM2835, an faɗi inda aka saba ganinsa ne, ba abin da yake bukata ba.

Na Yamai:
Ƙanwata, to wa zai ɗora Sense HAT a kan saba? Ramukan kusoshinsa ma da girmansa na Raspberry ne.

Ɗalibar Jami'a:
A kan saba babu. Amma ƙafa 40 ɗin nan ta daɗe da fita hannun Raspberry. Orange Pi na da ita, Banana Pi na da ita, Jetson Nano na Nvidia na da ita. VisionFive 2 na da ita, shi kuwa RISC-V ne, ba ARM ba ma. Allon UP na da ita, furosesarsa Intel. Ko ka sassauta ka ce ARM || ARM64, ka bar waɗannan biyun a waje. Kuma akwai ƴan na'urorin da ke mayar da USB zuwa I2C, irin su CP2112 da MCP2221, suna da direba cikin kanel, da su mutum zai iya jona irin waɗannan aisi da kwamfutar teburinsa.

Baba Mai Rediyo:
Ɗiyata ta hwaɗi gaskiya. Nan Maradi wa ke sayen abu da abokin tahiyarshi? Allo daga Kano, allon ƙari daga wani ɗan uwa da ya dawo daga Sin, caja daga Babbar Kasuwa. Abin da ka samu shi kake haɗawa.

Mushen Lantarki:
Ku biyun kowa na da inda ya kama, amma abubuwa biyu ne kuke kira da suna guda.

Akwai direban da in babu wani sashe na Raspberry ba zai yi komai ba. Misali mai kyau fankar PoE HAT. Direbanta, pwm-raspberrypi-poe, ba ya magana da fankar kai tsaye. Saƙo yake aika wa famwayar VideoCore ta akwatin saƙo na furosesa, famwayar ce ke juya fanka. Saboda haka an ɗaure shi da RASPBERRYPI_FIRMWARE, shi kuma yana rataye da BCM2835_MBOX, shi kuma da ARCH_BCM2835. Ka ga sarƙa ce, kowane ƙulli da dalilinsa. A kan H3 babu VideoCore, babu wanda zai karɓi saƙon. Nan ba wanda zai yi gardama, kuma lura, ba a ɗaure shi da sunan allo kai tsaye ba, an ɗaure shi da abin da lambarsa ke kira.

Sai kuma direban aisi da ke zaune a kan I2C ko SPI: DS3231, ADS1115, INA219 mai auna kuran, MCP2515, ENC28J60. Waɗannan ba a ɗaure su da wani allo ba, kuma daidai ne, don ana samun su cikin na'urori iri iri.

Rigimar tana tsakiya, wurin abin da aka ƙera musamman don Raspberry amma wayoyinsa na kowa ne. Nan ni ina bayan ɗalibarmu. In aka saki ƙullin, asarar ita ce tambaya guda ga mai haɗa kanel da ƴan kilobait a faifai. In aka matse shi, asarar tana kan yaro irin Ɗan Jiratawa: kanel ɗin da ya zo da allonsa ba zai zo da modul ɗin ba, dole ya sauko da tushe, ya gyara Kconfig, fayil ɗin da ke ɗauke da sharuɗɗan depends on, da hannu ko ya kunna COMPILE_TEST, ya harhaɗa, kuma duk sabuntawar da ta zo ya maimaita. Asarar biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Na Yamai:
Mushe, ƴan kilobait in direba guda ne. Zaɓuɓɓukan Kconfig dubbai ne. Kowa ya ce nawa ƙarami ne, a haka kayan ke taruwa. Kuma akwai abin da ba ku ambata ba: in direba ya fito a kowane allo, mutane za su ɗauka an gwada shi a can. Mai kula da shi kuwa Raspberry kaɗai gare shi a tebur. Gobe wani ya kawo ƙara daga allon da bai taɓa gani ba.

Wani abu kuma, kanel na ARM da masu rarrabawa ke yi guda ne ga alluna da yawa. Na arm64 na Debian yana kunna ARCH_BCM2835 da ARCH_SUNXI da ARCH_ROCKCHIP tare. Wanda ke kan irin wannan kanel, ko allonsa Allwinner ne, modul ɗin na nan, don an cika sharaɗin lokacin harhaɗawa. Kconfig ba ya duba allon da ke hannunka.

Ɗalibar Jami'a:
Wannan gaskiya ne ga Debian. Amma Armbian kanel daban daban yake yi, na sunxi daban, na rockchip64 daban. Kuma irinsa mutanenmu suka fi sakawa a Orange Pi. Me zai hana a bar ƙofa a buɗe, a yi amfani da default? A ce direban ya kunnu da kansa in akwai ARCH_BCM2835, in babu ya zauna a kashe amma ana ganinsa.

Na Yamai:
default amsa kawai yake zaɓar maka, bai hana a yi tambayar ba. oldconfig zai tsaya a kanta duk da haka. Amma na yarda ya fi a ɓoye abin ɗungurungum, in dai aisi ɗin na I2C ne zalla. Inda ba zan sassauta ba shi ne x86. Allon UP guda bai isa a ɗora wa kowace kwamfuta ta duniya kaya ba, balle shi ACPI yake amfani da shi, ba bishiyar na'urori ba.

Mushen Lantarki:
To ka kawo mu kan depends on OF ke nan, wato sai inda ake aiki da bishiyar na'urori. Zai bar ARM da RISC-V su shiga, ya tsare yawancin x86. Ba cikakke ba ne, amma ya fi kusa da abin da direban ke bukata.

Tunda muna nan, gargaɗi ga masu taɓa Kconfig: kada wanda depends on ya tare shi ya ce zai zagaya ta select. select yana kunna abu da ƙarfi ba tare da duba sharuɗɗansa ba, takardun kanel da kansu sun ja kunne a kai. Ƙarshenta harhaɗawa ta karye a tsakiya.

Mai Kiɗan Biki:
Ku yi haƙuri in sako tawa. Ina da allon sauti mai PCM5102A da nake sawa a Raspberry don lasifika. Shi ma zai hau Orange Pi?

Mushen Lantarki:
Naka ya fi wuya. Sauti ta I2S yake bi, a Raspberry ƙafa 12, 35, 38 da 40. Masu kwaikwayon ƙafa 40 sun fi kiyaye wuta, ƙasa, I2C, SPI da UART. I2S kuwa kowa inda ya ga dama yake fitar da shi, sai ka duba taswirar ƙafafun allonka. Na biyu, yawancin direbobin allunan sauti na Raspberry suna cikin kanel ɗin da kamfanin ke riƙe da kansa, ba su cikin babban kanel na Linus Torvalds. Aisi ɗin kansa yana da direba a babban kanel, ana haɗa shi da simple-audio-card cikin bishiyar na'urori. Zai yiwu, amma da ƴan wayoyi, ba ɗorawa kawai ba.

Ko cikin gidan Raspberry ma abin ya taɓa mutane. Pi 5 da ya fito a 2023 ya mayar da ƙafafun ga wani aisi daban, RP1, sai tsohon RPi.GPIO da ke taɓa rajistoci kai tsaye ya daina aiki a kansa. Shirye-shiryen da suka bi ta hanyar kanel, irin libgpiod, su suka fi samun sauƙi. Ɗan Jiratawa, rilen da zai riƙa kunna famfonka, ka bi da shi ta libgpiod.

Ɗan Jiratawa:
Na rubuta dts ɗin, na sa agogo da "ti,ads1115" a 0x48. Duka sun tashi, ina ganin in_voltage0_raw a ƙarƙashin /sys/bus/iio. Sai dai wani abu: na zare kuran na mayar, ba rezo, kwanan wata ya koma 1970. Amma hwclock -r -f /dev/rtc1 na ba da lokaci daidai.

Mushen Lantarki:
H3 na da nasa agogo a ciki, shi ya riga ya karɓi rtc0, kuma ba batir gare shi ba. Kanel kuma daga wanda aka rubuta a CONFIG_RTC_HCTOSYS_DEVICE yake ɗaukar lokaci, galibi rtc0. Raspberry 3 ba ya da agogon ciki, shi ya sa can DS3231 ya zama rtc0 ba da wahala ba. Cikin dts ɗinka ƙara aliases, ka ba DS3231 rtc0, na ciki ya koma rtc1. In hakan ya ba ka wuya, sa hwclock -s -f /dev/rtc1 ya gudana lokacin tashi, kafin shirin famfo. Kada famfo ya taɓa kunnuwa kafin lokaci ya daidaita, in ba haka ba zai yi ban ruwa da tsakar dare.

Baba Mai Rediyo:
Ni tambayata ɗaya. Batir ɗin panno kai tsaye ka kai ma aisin nan? ADS1115 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kuran da ka ba shi, kai kuma 3.3 ka ba shi. Batir mai 12 in shina caji shina haura 14. Sa rezistans biyu, 100k a sama 22k a ƙasa, ka auna tsakiyarsu, 14.4 za ta sauko kusan 2.6. Sannan duba batir ɗin agogon. Ƙananan allunan nan masu launin shuɗi suna da hanyar caji ta LIR2032, in an ba su 5 aka sa CR2032 sai ya kumbura. Kuma kada ka kulle shi cikin akwatin ƙarhe a rana, zahin Afrilu bai san kanel ba.

Ɗan Jiratawa:
Ban jona batir ɗin ba tukuna Baba, da ƙaramin pil nake gwaji. 22k ne ba ni da shi.

Baba Mai Rediyo:
Biyo ta shago bayan la'asar, akwai su. Taho da allon duka in ga yadda ka yi rilen.

Na Yamai:
Ƙanwata, in kin samu Sense HAT ɗin nan a jami'a, gwada shi a kan Orange Pi ɗinsa kafin ya kai garka, ki turo mana dmesg, saƙonnin da kanel ya rubuta. In ɗan sandan ya yi aiki a H3, ni da kaina zan taya ki rubuta dts ɗin da kyau.

Ɗalibar Jami'a:
Sai na tambayi mai riƙe da makullin labo. Ɗan Jiratawa, yaushe za ka kai shi?

Ɗan Jiratawa:
Mai garkar ya ce Asabar, amma zan roƙe shi ya ƙara mini zuwa Litinin.